Sewda a Hawan Kwastan

A zamanin da Turawan Ingilishi suka fara gyaran titunan Birni, babban garin tsibirin Malta, babu ɗan amalanken da ya kai Wenzu daɗewa a Hawan Kwastan, babu kuma dabbar da ta kai alfadararsa Sewda sanin wannan hawa. Duk abin da jirgi ya sauke a bakin ruwa, alkama ce, gawayi ne, ko gangunan giya daga tsibirin Sisili, ta nan yake bi kafin ya shiga gari. Hawa ne miƙaƙƙe mai faɗi, bango a dama, bango a hagu, wanda ko ba ka ɗauke da komai sai ka ambaci sunan Allah kafin ka ga ƙarshensa.

Mu 'yan amalanken Malta muna da yadda muke hawansa tun kaka da kakanni. Ba a tunkararsa kai tsaye, a kaikaice ake yankarsa. Ka ja dabbarka ka nufi bangon dama, in kun isa ka cusa weji a bayan ƙafar amalanke ku numfasa, sannan ka juyo ka nufi bangon hagu, a haka har sama. Doka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi: ba a zama bisa amalanke a kan hawa. A gangara ka zauna, ka miƙe ƙafa, ka rera waƙarka, ba mai ce maka kanzil. Amma namijin da ya ɗora jikinsa a kan kaya alhali dabba tana fama da tudu ya gama zubar da girmansa. Ko shagon giya ya shiga, sai an matsa an bar masa benci shi kaɗai.

Wenzu bai taɓa karya ko ɗaya daga dokokin nan biyu ba, kuma ba ya gajiya da faɗa wa mutane hakan. Gajere ne mai faɗin ƙirji, gashin bakinsa ya yi fari fat, tafin ƙafarsa kuwa ya fi na wasu takalma kauri. Ita Sewda baƙa ce wulik lokacin da ya saye ta, amma yanzu furfura ta kewaye mata baki. Tafiyarsu iri ɗaya ce shekara ashirin da wani abu: shi a gaba da ragama a hannu, ita ta ɗora bakinta a kafaɗarsa ta hagu. Babu rigar Wenzu da ba ta da tabon yawu a wannan wuri, abin da matarsa Lonza ta daɗe tana mita a kai.

"Ni ce matarka a coci," in ji ta, tana dirzar riga, "amma waccan ce matarka a titi. Ita ta ɓata, ni in wanke."

Lonza mace ce siririya mai saurin tafiya da saurin baki, amma ba mai mugun nufi ba ce. Ita ce ke shafa masa man zaitun mai ɗumi a gwiwoyi kowace yamma, yana cewa iskar teku ce kawai ke taɓa shi, tana cewa to, iskar teku ce. Zamansu lafiya lau, ba su da yawa ba su rasa ba. Abu ɗaya ne ya shigo tsakaninsu a wannan bazara. Wata rana da zafi ya yi zafi, Sewda ta durƙusa a tsakiyar hawa da buhunan alkama a bayanta, sai da mutane suka taru aka ɗaga ta.

Da labari ya kai gida, Lonza ta zaunar da shi. Yayanta Gejtu yana da lambu a ƙauye, kuma ya daɗe yana neman tsohuwar dabba da za ta riƙa juya masa keken ɗiban ruwa a bakin rijiya. Can ne tsofaffin alfadarai ke ƙarewa: a ɗaure musu ido da tsumma, su yi ta zagaye wuri ɗaya daga safe zuwa yamma, har ranar da ƙafa ta ƙi.

"Wenz, gara rijiya da ta mutu maka a hanya da kayan mutane a kanta," in ji Lonza. "Na ba ka zuwa bikin Uwar Yesu, Santa Marija. Washegarin biki Gejtu zai zo da igiyarsa."

Wenzu bai musa ba, don gaskiya ta faɗa. Amma ya fita bayan gida, ya tsaya kusa da Sewda yana sosa mata wuya, zuciyarsa ta yi masa nauyi ƙwarai. Dabbar da ta saba ganin jirage da teku da mutane, a rufe mata ido. Wannan shi ne abin da ya kasa haɗiyewa.

A cikin waɗannan kwanaki ne Ingilishi suka zo da sabon abu. Wani injiniyansu dogo, mai jan wuya, ya sa aka sauke baƙin dutse daga Sisili, aka sassaƙe shi dogaye-dogaye kamar ƙyauren ƙofa, aka goge bayansa ya yi sumul. Aka jera shi layi biyu a miƙe daga gindin hawa har sama, don a daina yankan hawa a kaikaice, tazararsu daidai da tazarar ƙafafun amalanke, tsakiya kuma aka bar ƙananan duwatsu masu kaushi inda kofato zai kama. An ce gwaji ne. In ya yi, za a shimfiɗa irinsa a wasu wurare, in bai yi ba a tone.

Mun yi dariya har da riƙe ciki. Wanda ya fi kowa baki shi ne Indri, abokin Wenzu tun suna yara, ƙato mai murya kamar ganga, wanda in bai tsokani mutum ba abinci ba ya yi masa daɗi.

"Ku ji mutanen nan!" in ji Indri. "Su da ko jaki ba su taɓa ja ba, su ne za su koya mana hawa. Miƙe, wai! Kamar mai zuwa karɓar gado!"

Shi ɗin dai ne kuma ya fara gwadawa, don ya samu abin ba da labari. Ya ɗora ƙafafun amalankensa a kan baƙin dutsen, ya ce wa alfadarinsa haa. Amalanke ya silale kamar an shafa masa mai. Babu gargada, babu ƙara, babu weji. Kafin a ce me, yana sama yana ɗago mana hula, baki buɗe. Ya sauko ya ƙara kaya ya sake hawa, dabbar ko gumi ba ta yi ba. Daga ranar bakin Indri ya juya, ya koma cewa shi dama tun farko ya san abin zai yi.

Wenzu yana tsaye yana kallo, wani farin ciki ya taso masa tun daga ciki. In dai kaya na yin sauƙi haka, ai Sewda tana da sauran shekaru a gaba. Ya koma gida yana waƙa, ya ce wa Lonza ta aika wa Gejtu ya nemi wata dabbar.

"In na gani da idona," in ji Lonza.

Washegari da sassafe ya ɗora kaya kaɗan, ya daidaita ƙafafun a kan dutse, ya yi alamar gicciye a ƙirji, ya kama ragama. Suka fara lafiya. Amalanken ya biyo su ba nauyi, har Sewda ta kaɗa kunne kamar mai mamaki. Ba su yi nisa ba sai tafiya ta fara karkata dama. Ƙafa ɗaya ta zame daga kan dutse ta faɗa gefe, ƙafa ta biyu ta bi ta, sai ga su a jikin bangon dama, daidai inda suka saba tsayawa.

"Haba Sewda," in ji Wenzu. "Miƙe aka ce, 'yar nan. Miƙe."

Aka taimaka masa aka mayar da amalanke kan layi. Suka ɗan taɓa, sai ga su a bangon hagu.

Haka aka yi ranar, haka aka yi washegari, haka aka yi mako guda. Masu amalanken da ke bayansa suka fara ƙorafi, don in ya sauka daga layi ya gicciye hanya, kowa sai ya tsaya. Injiniyan ya zo ya duba ƙafafun amalanken, ya auna, ya ga ba su da laifi, ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Indri kuwa ya samu abin yi.

"Wenz, ka kai ta makarantar Ingilishi mana, ko ta koyi miƙewa!"

"Kai ka fara zuwa, ko ka koyi rufe baki."

"Wallahi ba laifinta ba ne. Bangon nan saurayinta ne, shekara ashirin suna soyayya, kai ne ba ka sani ba!"

Babu dabarar da Wenzu bai yi ba. Ya riƙe ƙwanson harrub, ɗan wani itace mai zaƙi da dabbobi ke so, a gaban hancinta, ta cinye ta nufi bango. Ya ɗinka mata fata a gefen idanu don kada ta ga bangon, ta same shi ba tare da ta gani ba. Ya rataya mata jan ƙyalle saboda bakin mutane. Ya kai ta ƙofar coci, fada mai jan ibada ya yayyafa mata ruwan albarka, fada ma da ya ji labari sai da ya juya baya ya yi dariyarsa. Abin da ya fi ba Wenzu haushi shi ne ba ta gardama, ba ta turjewa. Bakinta na kafaɗarsa kamar kullum, sai dai kawai ya ji tafiya ta karkata, ya ga bango a gabansa. Kowa ya yanke hukunci cewa tsohuwar dabba ce, abin da ta saba ya riga ya shiga ƙashinta, har shi ma ya fara yarda.

Ana jajibirin biki, gari ya cika da tutoci da ƙarar ƙararrawa, Wenzu ya fito bai ko ɗauki abincinsa ba. Da rana ta take, sai ga Lonza ta gangaro bakin ruwa da ƙunshi a hannu: burodi da aka goga wa tumatir aka zuba mai, da ɗan cuku. Ta ce abinci ta kawo. Amma a aljihunta akwai harrub cike, kuma kowa ya san Wenzu ba ya cin harrub. Sallama ta zo yi da kishiyar tata ta titi, ba ta dai so a gane.

Ta same su a inda aka saba samunsu, a jikin bangon dama, amalanke ya sauka daga kan dutse, Indri da wasu suna tsaye a baya suna jira. Aka turo amalanken aka mayar kan layi. Wenzu ya ga ƙafar baya ba ta zauna daidai ba.

"Lonz, riƙe min ragamar nan in duba."

Ta karɓa. Ya zagaya baya, ya sa kafaɗa ya gyara ƙafar, ya zare weji. Sewda ta ji kaya ya motsa, ta nemi kafaɗa ta ɗora baki, ta samu ta Lonza. Ita kuwa Lonza ba ta san wani kaikaice ba. Mace ce da ta saba hawa tudu da kwando a ka da tukunya a kan wuta tana jiranta. Ta ce haa, ta sa kai.

Suka miƙe. Suka wuce inda ake juyawa hagu, suka wuce inda ake juyawa dama. Amalanken yana bin baƙin dutse tiryan-tiryan, Sewda tana taka tsakiya a natse, ko waiwayen bango ba ta yi ba. Ba su tsaya ba sai a sama, ƙarƙashin ƙofar gari.

Wenzu ya tsaya da weji a hannu, baki sake. Murna ta kama shi, ya ɗaga murya yana kiran sunan Sewda, ya bi su da sauri don ya rungume ta. Mu da ke ƙasa muna kallonsa. Ba dabba, ba amalanke, ba kaya, shi kaɗai a kan hanya. Ya yi 'yan taku a miƙe, sai kafaɗarsa ta hagu ta sauka, ƙafafunsa suka karkata, ya yanki hanya a kaikaice ya nufi bangon hagu. Ya dafa shi, ya numfasa. Ya juyo ya nufi na dama.

Indri ne ya fara fashewa da dariya, dariyar da aka ji ta har cikin jirage. Sauran suka kama. Wenzu ya waiwayo yana neman abin da ake yi wa dariya, sai idonsa ya faɗa kan hannunsa. Inda ya dafa a jikin bangon ya yi santsi, ya ɗan lotsa, daidai girman tafin hannunsa. Ya dubi gwiwoyinsa, suna rawa. Ya dubi layin dutsen da ya baro can a tsakiyar hanya. Dariya ta mutu da kanta, don duk wanda ya ga fuskarsa a lokacin ba zai iya ci gaba ba.

Ya ƙarasa sama a hankali, bango zuwa bango, tunda ba shi da wata hanyar. Ya tarar da Lonza tana ba Sewda harrub ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe ni ne," in ji shi.

"Kai ne, Wenz."

"Kin sani?"

"Na san gwiwoyin, tunda ni ke shafa su. Ban san har dabbar suka koya wa ba." Ta miƙa masa burodi. "Ci. Iskar teku ce."

Ya zauna a bakin hanya ya ci, kunya da daɗi suna kokawa a cikinsa. Sewda ta kuɓuta daga rijiya, wannan ya tabbata. To amma wa zai ja ta? Lonza tana da gida da kaji da saƙarta, ba za ta koma 'yar amalanke ba. Shi kuma ko an ɗora masa wuƙa a wuya, gwiwoyinsa ba za su miƙe wannan hawa ba. In ya ci gaba da shiga gabanta, bango za su ci gaba da zuwa, a kan tsohuwar hanya mai gargada wadda ta durƙusar da ita.

"To ka hau mana," in ji Lonza, kamar mai cewa a miƙo gishiri.

"In hau me?"

"Amalanke. Ka zauna a gaba, ka riƙe linzami daga baya. A kan dutsen nan nauyinka nawa yake? Buhu ɗaya ne, shi ma ba cikakke ba."

"Lonz, a kan hawa? Ni? Ubana bai yi ba, kakana bai yi ba."

"Ubanka da kakanka ba su ga baƙin dutse ba. Ka zaɓa, tsoho. Ko a bar maka benci kai kaɗai, ko a ɗaure mata ido."

Ya miƙe ya karɓi ragama daga hannunta. Aka yi biki, aka zaga da mutum-mutumin Santa Marija, aka ci aka sha, Wenzu yana cikin mutane amma hankalinsa na wani wuri. Washegari Gejtu ya zo da igiyarsa kamar yadda aka yi alkawari. Wenzu ya tare shi a ƙofa, ya ba shi kofi, ya ce ya gaida gida. Lonza ta raka yayanta tana ce masa alfadara dai babu, amma in yana son tsoho mai iya zagaye, akwai wani a gida.

A bakin ruwa aka yi lodi kamar kullum. Wenzu ya daidaita ƙafafun amalanke a kan dutse, ya ɗaura dogon linzami, ya tsaya yana gyara abin da ba ya bukatar gyara. 'Yan amalanke sun taru, kowa ya yi kamar ba shi yake kallo ba. Sai Indri ya turo nasa amalanken ya shiga gabansa, ya yi wata irin miƙa, ya yi tsalle ya haye bisa buhunansa ya zauna daram.

"Me kuke kallo?" ya daka musu tsawa. "Hanyar Ingilishi ce, dokar kakanninmu ba ta san da ita ba! Ni daga yau na daina wahalar da ƙafata. Wenz, in kai kana son tafiya a ƙasa kamar akuya, bismilla!"

Indri lafiyarsa ƙalau, gwiwoyinsa kamar na ɗan maraƙi, kowa ya san haka. Amma ba wanda ya tona shi. Wenzu ya dubi ƙeyar abokinsa, ya ji idanunsa sun yi zafi. Ya dafa sandar amalanke ya hau, ya zauna a ɗarare kamar baƙo a gidan surukai.

"Yi haƙuri, 'yar nan," ya ce a hankali. "Haa."

Sewda ta ja, amalanke ya silale. Ta bi tsakiyar duwatsun a miƙe, kunnuwa a tsaye, nauyinsa ko a jikinta. Wenzu ya fara sakin jiki. Iska ta taso daga teku ta buga masa fuska, gwiwoyinsa suna hutawa a kan hawan da suka yi shekaru suna tsoro.

Da suka zo daidai inda suka saba tsayawa na farko, ba wanda ya ja linzami, amma Sewda ta rage tafiya. Ba bango ta duba ba. Ta miƙa wuya gaba tana laluben kafaɗar da ta saba da ita, ba ta samu ba, ta tsaya cak a tsakiyar layi. Ba haki take yi ba, ba gumi a jikinta. Jira take yi tsohon ya numfasa, kamar yadda ta daɗe tana yi a wannan wuri, shi kuwa yana ta faɗa wa mutane cewa shi ne ke hutar da ita.

Wenzu ya sunkuya ya ɗora tafin hannunsa a bayanta.

"Ina nan, Sewda," in ji shi. "Na huta. Mu je."

Ta kaɗa kunne, ta ci gaba da hawa.